Siket Zuwa Gwiwa

"Ki tsaya wuri ɗaya mana, ko sai na soke ki?" in ji Oline ta gefen baki, domin allurai uku ne a tsakanin leɓɓanta.

Dagny ta tsaya cak a kan akwatin da aka kife mata, hannuwa a sama. Rigar saƙa ce a jikinta, irin ta 'yan lilo, wadda ke manne wa mutum tun daga kafaɗa har cinya, ba ta barin ko ƙyalle ɗaya yana reto. Rigar uwarta ce, ta canji. Ta farkon an yanka ta da almakashi a asibiti. Oline tana rage wannan a ƙirji da ƙugu, saboda yarinyar shekararta goma sha bakwai, ba ta cika rigar ba tukuna.

"Inna, ta matse ni a hammata."

"Haka ake so. Ɗaga ƙafa. Juya. To, sauko."

Ɗakinsu keken katako ne mai ƙafa huɗu, ɗaya cikin guda tara da suka kewaye babban tantin wasa a filin bayan tashar jiragen ruwa. Ta taga ana jin dawaki suna huci, ana jin wani yana kwasar ruwa. Safiyar Asabar ce, watan Yuli na shekarar 1891, kwana tara ke nan da Thyra, ƙanwar Oline kuma uwar Dagny, ta faɗo daga lilo.

Ranar da suka iso wannan gari na yankin Jutland, shugaban 'yan sanda ya ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar izininsu: duk macen da za ta hau sama, sai ta ɗora siket zuwa gwiwa a kan rigar saƙa. Thyra ta yi dariya har da riƙe ciki. Shekara ashirin tana tsalle daga wannan lilo zuwa wancan, a Hamburg da Copenhagen da garuruwan da ma ta manta sunayensu, da rigar nan kaɗai, kamar yadda maza ke yi tun zamanin da wani Bafaranshe ya fito da ita. Amma doka ta zo a rubuce. Oline ta zauna ta ɗinka siket a yini ɗaya, shuɗi mai sheƙi, ta bi ƙugunsa sau biyu da zaren da ta shafa wa kakin zuma. Shekara talatin tana ɗinki, ba a taɓa jin kayanta sun kunyata wani a gaban jama'a ba.

A tsalle na uku, bakin siket ɗin ya naɗe a ƙugiyar ƙarfe da ke gefen sandar lilo. Thyra ta riga ta saki hannu. Siket ya riƙe ta na ƙiftawar ido, ya fizge ta gefe, sannan yadin ya yage daga ƙasa. Ba ta faɗa tsakiyar raga ba. Gefe ta daka, ta mirgino kan katakon da ya kewaye filin. Tun daga ranar, daga ƙirjinta zuwa ƙasa ba ta jin komai.

Oline ta ciro yagaggen siket ɗin daga ƙarƙashin katifa, ta naɗe shi a takarda, ta ɗaura hula.

"Ina kuma za ki?" in ji Dagny.

"Ofishin 'yan sanda."

"Juhl mai tanti ya je jiya. Korarsa suka yi."

"Juhl surutu ya kai musu. Ni abin da za su gani da ido zan kai. Ki ci burodin nan, kada na dawo na same shi."

Ta bi ta titin masu kifi tana ɗingishi, domin gwiwarta ta hagu ta daina aiki sosai shekara goma sha huɗu da suka wuce, lokacin da ita ma ta sauko daga igiya ta koma kan allura. Matan da ke fere kifi a bakin hanya suka yi shiru da ta zo wucewa. Ɗaya ta gyaɗa mata kai. Wata kuma ta ce da maƙwabciyarta, ba a hankali ba, "An ce yau 'yar ce za ta hau."

A ofis aka nuna mata benci. Ta zauna daga ƙarfe tara har agogon coci ya buga goma sha ɗaya, ƙunshin takarda a cinyarta. Akawun da ke gaban ƙofa, wani dattijo mai tabarau da tawada a yatsu, yana ta satar kallonta, sai ya sunkuyar da kai idan sun haɗa ido.

Shugaban 'yan sanda, Brask, ba mugun mutum ba ne a fuska. Ya miƙe da ta shigo, ya tura mata kujera da kansa, ya ture farantin burodi da cuku gefe.

"Yaya jikin 'yar'uwar taki?"

"Tana numfashi, ranka ya daɗe."

"Ina wurin ranar. Ni da maiɗakina. Har yau ba ta samun barcin kirki."

Oline ta warware takardar ta shimfiɗa siket ɗin a kan teburinsa. Ta ɗora yatsa a inda ya yage.

"Ka ga nan? Tsatsar ƙugiya ce wannan. Nan ya kama. Da rigar saƙa ce kaɗai a jikinta, babu abin da ƙarfe zai riƙe. Shi ya sa aka yi rigar haka tun asali, ba don a nuna jiki ba. Yau ƙarfe huɗu 'yarta za ta hau lilon nan. Ba wani abu nake roƙo ba, sai ka soke layin nan ɗaya."

Brask ya dubi siket ɗin, bai taɓa ba.

"Rahoton da ke gabana ya ce hannunta ne ya zame."

"Wa ya rubuta?"

"Kurtun da ke bakin ƙofa ranar."

"Daga bakin ƙofa ya hango zufar hannunta? Ranka ya daɗe, 'yarta tana kan dandamalin sama, taku uku tsakaninsu. Ka kira ta ka tambaye ta."

Ya cire tabarau ya murza idanu. Ya jawo aljihun tebur ya nuna mata tarin wasiƙu. Daga limamin coci, daga ƙungiyar matan gari, daga shugaban makaranta. Tun kafin tanti ya iso suka fara zuwa, in ji shi, kuma bayan abin da ya faru sun ninka.

"Suna so na kore ku gaba ɗaya. Na tsaya muku na samo muku yau ɗin nan. Idan na soke layin yanzu, me na faɗa wa gari? Na ce dokar da na sa hannu a kanta ce ta karya wa mace baya?"

"Ai ita ce."

Fuskar Brask ta yi ja, amma bai ɗaga murya ba.

"Ba wanda ya tilasta wa yarinyar hawa. Ku yi wasan dawaki da na karnuka."

"Mutum ashirin da uku ne a filin can, kwana tara ba su yi aiki ba. Ba don karnuka mutane za su zo ba, kai ma ka sani. Kuma yarinyar ba ta da wata sana'a. Idan ba ta hau yau ba, tsoro zai zauna mata a ƙafa, ba za ta sake hawa ba har abada."

"To ta hau da siket. Zuwa gwiwa. Ban ce ƙasan gwiwa ba, kina iya tsayar da shi daidai kan ƙashin. Iyakar abin da zan iya ke nan, baiwar Allah. Zan aiko a auna."

Ya naɗe mata siket ɗin da kansa, a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu.

Tana fitowa akawun ya biyo ta har bakin matakala. Ya waiga, sannan ya zaro wani ɗan kati daga aljihun ƙirjinsa. Hoton Thyra ne da aka ɗauka a Hamburg shekara takwas baya, tana jingine da sandar lilo, rigar saƙa kaɗai a jikinta, tana murmushin nan nata na gefe ɗaya.

"A shagon mai taba na saya," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Sun ƙare tun ranar Talata, kowa ya saya. Na ce ko za ki kai mata ta sa mini hannu a baya."

"Hannunta ba ya riƙe cokali."

Kunnuwan dattijon suka yi ja. Ya mayar da katin aljihu. Oline ta sauka matakalar ɗaya-ɗaya, ƙafar dama a gaba.

Juhl, mai tantin, yana jiranta a bakin fili, hannun riga a naɗe. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane.

"Ban faɗa miki ba? Kan mutumin nan dutse ne."

"Ka naɗe ƙugiyoyin da fata?"

"Tun asuba. Duka huɗun. Na ja lilon na biyu ciki da taku ɗaya, na ƙara faɗin raga da abin da muke da shi. Amma Oline, yadi yadi ne, ko a igiya sai ya naɗe." Ya sosa ƙeya. "Ba zan ce dole ba. Wallahi ba zan ce ba. Idan ta ce a'a, a'a ne."

"Ba za ta ce ba. 'Yar Thyra ce."

Ta shiga ɗaki. Burodin yana nan yadda ta bar shi. Dagny tana zaune a bakin gado tana shafa wa tafin hannunta garin ƙaro don kada ya zame a sandar lilo, ko da yake saura awa huɗu.

"Ya hana?"

"Ya hana."

Yarinyar ta gyaɗa kai kawai. Oline ta jawo sauran shuɗin yadin, ta shimfiɗa a gwiwa, ta daɗe tana kallonsa. Tun kwana tara abu ɗaya ke juya mata a kai, ba ya barin ta ta haɗiye abinci. Ba ƙugiya kaɗai ta fizge Thyra ba. Da ƙugun siket ɗin ya saki, da ta wuce abinta ta faɗa tsakiyar raga tsirara-tsirara, jama'a su yi dariya, ta tashi ta rusuna musu. Ɗinkin ne bai saki ba.

Ta ɗauki almakashi ta raba yadin gida huɗu. Ba ta taɓa keken ɗinki ba. Ta zaro siririn zaren nan da ake riƙe kaya da shi kafin a gwada, wanda ko jariri ya ja zai tsinke, ta haɗa gidajen da manyan taku, kowanne kusan tsawon yatsa. A ƙugu ta soka allura sau uku kacal: ɗaya a baya, ɗaya a kowane gefe. Ta ɗora ɗan kirtani mai ƙyalli a sama don ya rufe. Almajirar ɗinki ta mako ɗaya za ta ji kunyar a ga wannan aiki a hannunta.

"Tashi ki sa."

Dagny ta sa. Daga nesa siket ne sosai, daidai kan gwiwa.

"Kama gefe ki fizga."

Ta fizga. Yadin ya biyo hannunta ba ko ƙara, sauran ya zube a ƙafafunta.

"Inna!"

"Idan ya kama wani abu, shi zai tsaya can, ke ki wuce. Za ki sauko gaban limami da matan gari da cinyoyi a waje. Za su rufe mana tanti, ƙila su rubuta wa garin gaba. Kin ji?"

Dagny ta dubi ƙyallen da ke hannunta, sai dariya ta kufce mata, ta farko cikin kwana tara.

"Limamin nan ai ba zai rufe ido ba. Ranar ma a layin gaba ya aje surukinsa ya gano masa."

"Rufe mini baki, marar kunya. Miƙo na sake haɗawa. Kuma kada ki yi atishawa kafin a auna."

Yarinyar ta daina dariya. Ta zauna, ta dafe gwiwoyi.

"Wa zai sakar mini lilo na biyu? Ni nake sakar wa Mama."

"Ɗan'uwan Juhl."

"Ba ya jin kiɗa. Kullum sai ya makara."

Oline ta ciji zare ta tsinke. Ta dubi gwiwarta.

"To ni zan hau."

Ƙarfe uku da rabi kurtun ɗan sanda ya zo da sandar awo. Ya durƙusa gaban Dagny yana kauda kai, ya kara sandar nesa da ƙafarta yadda ba zai taɓa ta ba, ya rubuta a littafinsa cewa ya cika. Oline tana tsaye a baya, hannunta a kan ƙugun yarinyar kamar mai gyara kirtani, alhali riƙe siket ɗin take yi.

Tantin bai taɓa cika irin na ranar ba. An jera har a kan matakala, masunta da warin gishirinsu, masu shaguna da matansu cikin baƙaƙen kaya, sojoji biyu, masu aikin jirgi. Oline ta san abin da ya kawo su. Ba su tafa wa dawaki sosai ba. Ko mai barkwanci da ya faɗa cikin bokiti, dariyar gajeruwa ce. Idanu duk suna ɗagawa sama, wajen sandunan nan biyu da ke rataye.

Tsanin igiya taku arba'in da ɗaya ne. Oline ta hau shi da hannu fiye da ƙafa, tana jan ta hagun kamar kayan wani. A taku na talatin ta tsaya, gumi yana shiga idonta, ta ji wani daga ƙasa ya yi ihu, "Tsohuwar ce za ta yi tsallen?" Aka yi dariya. Ta ƙarasa. Sama akwai zafi da warin kwalta, kamar yadda ta bar shi shekara goma sha huɗu.

Can ɗaya ɓangaren Dagny ta fito kan dandamalinta, ta ɗaga hannu ɗaya. 'Yan badujala suka shiga waƙar Thyra, domin ba su da wata.

Tsalle na farko mai sauƙi ne. Oline ta ƙirga da ganga, ta saki sanda, yarinyar ta taho ta cafe, ta iso dandamalin Oline tana huci. Siket yana nan. Na biyu, da juyi rabi, ta cafe da ƙarshen yatsu, jama'a suka ja numfashi gaba ɗaya. Ta dawo gefen Oline, leɓɓanta sun yi fari.

"Ya isa haka," in ji Oline. "Biyu sun ishe su. Rusuna ki sauka."

"Na ukun suka zo gani."

"Su mutu da son gani. Dagny!"

Amma ta riga ta kama sanda ta koma can. Badujala ta yanke, ganga kaɗai ta rage ana kaɗa ta ƙasa-ƙasa. Oline ta riƙe sandar da hannu biyu. Ta ga yarinyar ta yi lilo sau ɗaya, sau biyu, shuɗin yadin yana buɗewa yana bugun igiya a kowace dawowa. A na uku Oline ta saki. Ba ta san ta rufe ido ba sai da tafi ya buɗe mata su.

Dagny tana rataye a sandar ta biyu, tana tahowa. Siket ɗin bai kama komai ba. Yana nan a ƙugunta, da takun alluran nan uku kacal.

A bayan labule yarinyar ta rungume ta har ta kusa kayar da ita.

"Inna, kin gani? Kin gani? Ban san haka abin yake ba. Da na saki, sai na ji komai ya yi shiru, kamar ba ni da nauyi. Me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa mini?"

Idanunta suna ƙyalli, kumatunta sun yi ja. Oline ta dube ta, sai ta gane cewa tun safe a ƙasan zuciyarta fata take yarinyar ta sauko tana kuka, ta ce ba za ta ƙara ba. Da sai su nemi ɗaki a garin nan, su yi wankau da ɗinki, su riƙa zuwa asibiti da yamma. Yanzu wannan ya wuce.

"Na gani," in ji ta. "Cire a hankali kada ya watse. Akwai wasan ƙarfe bakwai. Kwanta ki ɗaga ƙafa, ni zan je na faɗa wa uwarki kafin su rufe ƙofar asibiti. Ke kya je da safe kafin mu ɗaura dawaki mu bar garin."

Asibitin yana kan tudu. Ɗakin mata gado goma sha biyu ne, na Thyra a ƙarshe, kusa da taga. An aske mata gashi a gefe ɗaya inda aka ɗinke. Ta rame har hancinta ya yi tsini. Ba ta iya juya kai sosai, sai ido.

"Ta yi na ukun," in ji Thyra tun kafin Oline ta zauna.

"Wa ya riga ni?"

"Na sa nas ta buɗe taga. Iska daga teku take, ana jin badujala. Na ji lokacin da suka yanke ganga ta rage. Na ƙirga. Da ihu ya biyo baya da na sani. Tafi na ji." Ta haɗiyi yawu da ƙyar. "Ba ni ruwa, Yaya."

Oline ta tallafi kanta ta ba ta da cokali.

"Wa ya sakar mata?"

"Ni."

"Ke? Da wannan ƙafar?" Wani abu kamar dariya ya motsa a ƙirjin Thyra ya koma tari. "Kai, na yi asarar kallo. An yi miki ihu?"

"Wani ya ce tsohuwa."

"Ai bai yi ƙarya ba. To faɗa mini gaskiya, yaya ta yi? Kada ki yi mini kara."

"Na biyu ta makara da saki. Na uku ya fita tsaf. Sai dai tana buɗe ƙafafu a iska, kamar kwaɗo."

"Kullum ina faɗa mata. Ki dake ta a kai."

Oline ta gaya mata maganar Brask, da yadda ta raba yadin gida huɗu. Thyra ta saurara, idonta a rufin ɗaki. Sai Oline ta ji bakinta ya ci gaba ba da izininta ba.

"Naki sau biyu na bi ƙugunsa. Da zaren kaki. Da na yi miki irin na yau…"

"Na sani."

"Kin sani?"

"Na ji shi. Kamar yadda Mama take damƙar mu ta baya idan mun nufi bakin rijiya. Na ce a raina, wannan ɗinkin Yaya ne, ba zai saki ba. Kwana uku na farko na tsane ki. Ke da Brask da limamin, har da mai saƙa yadin. Yanzu na gaji. Tsana ma ƙarfi take so."

Oline ta sunkuyar da kai. Hawaye suka ɗiga a kan bargon asibiti, ta goge wurin da tafin hannu.

"Na yi magana da tela na titin coci," in ji ta. "Zai ɗauke ni. Likita ya ce ƙarshen wata za su mayar da ke gidan gajiyayyu na bayan gari. Zan kama ɗaki kusa, na riƙa zuwa ina juya ki. Can ba sa juya mutum, gyambo ke cinye shi."

"A'a."

"Ba shawara nake nema ba."

"Yaya, garin gaba ma akwai wani Brask. Ƙila ya ce zuwa idon sawu. Ƙila ya ce da hannun riga. Wa zai zauna ya san inda za a yanka? Matar Juhl? Ko maɓalli ba ta iya sawa ba. Wa zai sakar mata sanda?" Numfashinta ya yi gajere, ta jira ya dawo. "Ni an gama da ni. Juyi ko ba juyi, likita bai ce zan ga bazara ba, na ji shi yana faɗa wa nas. Ita kuwa yau ta ɗanɗana. Ko ba haka ba? Faɗa mini yadda fuskarta take da ta sauko."

Oline ta ɗago ta dube ta.

"Irin taki."

"To kin gani."

Nas ta wuce tana kaɗa ƙaramar ƙararrawa, baƙi suka fara tattara kwanduna. A gadon kusa wata tsohuwa tana roƙon ɗanta ya ƙara minti ɗaya.

"Da safe ki turo ta ita kaɗai," in ji Thyra. "Ke kada ki shigo. Idan na gan ki da hular tafiya zan ce ki zauna, kuma za ki zauna."

"Zan rubuto daga kowane gari."

"Ki rubuta da manyan baƙi. Nas ɗin nan karatunta kamar mai tsince ƙaya a kifi."

Oline ta miƙe. Ta gyara matashi, ta goge mata gefen baki, ta sumbaci goshinta a wajen da gashi ya rage. Ta kai ƙarshen gadon ke nan Thyra ta kira ta.

"Yaya. Duba mini ƙafafuna. Yaya suke? Ba na so na tambayi nas."

Oline ta ɗaga bargon. Ƙafafun sun faɗi kowacce gefenta, ta dama ta karkace ciki, farare, sanyi ƙalau. Ta kama su ɗaya bayan ɗaya ta haɗa dugadugan, ta miƙar da yatsun gaba, ta naɗe tawul ta tokare su ta gefe don kada su sake faɗuwa.

"A miƙe suke," in ji ta. "A haɗe."

"To. Je ki, kada ki makara. Bakwai ta kusa."

Oline ta rufe bargon, ta fita tare da sauran baƙi, ta gangara tudun tana dafa katanga.